Amsa ga ɗalibin da ƙungiyarsu ta aikin gayya ke watsewa

Ƙanena, tambayarka ta taɓa ni ƙwarai. Ka ce kun kafa ƙungiyar ɗalibai don yashe magudanun ruwan unguwarku, kun fara ku talatin, yanzu da kyar biyar ke fitowa, manyan unguwa kuma na yi muku kallon masu wasan yara. Na san wannan ciwon, kuma don Allah kada ka sare.

Ku rage girman aikin tukuna. Kwata ɗaya, a layi ɗaya, kamar mita hamsin, wadda za ku fara da safe ku gama kafin rana ta take. Mutum takwas zuwa goma sun isa, da shebur huɗu, manjagara biyu, baro biyu. Ku fara daga ƙarshen da ruwan ke fita, ku yi ta hawa sama. In kuka fara daga sama, ruwan da kuka saki zai taru a gabanku, ku wuni cikin laka. Sannan kada ku sa rana sai kun tabbatar da motar da za ta kwashe abin da kuka fitar. A nan yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa: a tara shara a bakin kwata, ruwan sama na farko ya mayar da ita ciki, maƙwabta su ce ai dama sun faɗa.

Amma abin da ya fi kashe irin ƙungiyarku shi ne ɗan siyasa mai zuwa cin guminku. Yakan bayyana ana saura kwana biyu, da fara'a, ya ce zai kawo ruwan sha da riguna. Ranar aiki sai ga rigunan ɗauke da hotonsa, ga mai ɗaukar hoto biye da shi. Ya karɓi shebur daga hannun yaron da ya jiƙe sharkaf tun asuba, ya riƙe na minti biyu, a ɗauka, ya shiga mota. Da yamma hoton ya karaɗe Facebook da sunansa, ku ko ambatonku babu. Wannan abu yana da ciwo wallahi. Kuma ɓarnar ba a nan ta tsaya ba: daga ranar rabin unguwa sun ɗauke ku 'yan jam'iyyarsa, masu adawa da shi su rufe muku ƙofa, 'yan ƙungiya su fara raɗe-raɗin cewa shugabanni sun karɓi wani abu a ɓoye. Yaron da aka karɓe wa shebur ba zai sake fitowa ba, kuma ba zai faɗa muku dalili ba. Saboda haka ku rubuta doka tun yanzu, kowa ya sa hannu: ana karɓar gudummawa daga kowa, amma babu hoton kowa ko tambarin jam'iyya a riga ko kyalle, kuma a sanar da duk abin da aka kawo a gaban taro.

Maganar kuɗi ma haka. Littafi guda, mai ajiya daban, mai rubutu daban, rasidi ko na igiya ne, a karanta lissafi a kowane zama. In da hali ku nemi kaya maimakon kuɗi, aron baro ya fi sauƙin bayani.

Kada ka bari kowa ya shiga da silifa ko hannu tsirara. Safar hannu mai kauri da takalmin roba dole ne, don akwai fasassun kwalabe, ƙusa da allurai a cikin lakar. Wanda ya yanke ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya tafi asibiti a duba batun allurar tetanus a ranar. Rufaffiyar kwata mai zurfi kuwa kada ɗalibi ya shiga ko kusa, iska mai guba na taruwa a ciki, tana kayar da mutum kafin ya ankara. Wannan aikin hukuma ne.

Batun manya, ku daina zuwa musu da baki kawai. Ku zaga gida talatin ku tambayi abin da ya fi damunsu, ku rubuta adadin, ku ɗauki hoton wurin da kwanan wata. Ku gaya musu sauro na iya kaiwa daga ƙwai zuwa babba cikin kwana bakwai zuwa goma a ruwan da ya kwanta, wannan kowa ya san zafinsa. Takardar da za ku kai ƙaramar hukuma shafi ɗaya ce, buƙata ɗaya, kwafi biyu. A buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe, ku koma bayan mako biyu. Ku nemi malami ɗaya ya zama uban ƙungiya, sa hannunsa na buɗe ƙofofi.

Af, ka duba lokacin da mutanen suka fara raguwa, ƙila ya zo daidai da jarrabawa. Kada ku sa aiki a makonni ukun da ke gabanta. Kuma wanda aka kira taro sau uku ba a ba shi abin yi ba, zai daina zuwa. Ka ba kowa aikinsa da sunansa: wannan baro, wancan ruwan sha, waccan rajista. In biyar ɗin da suka rage duk 'yan ajin ƙarshe ne, ku jawo biyu daga ƙananan azuzuwa tun wannan zangon, ku damƙa musu littafin lissafi da kwafin takardun su fara koyo.