Wane antibairos na kyauta zan saka wa kwamfutar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi kwamfuta mai Windows 11, ni da yarana muke amfani da ita. Antibairos ɗin da ta zo da shi wa'adinsa ya ƙare, kullum sai ya fito min da saƙon in biya kuɗi. Wani abokina ya ce in sauke Avast da AVG in haɗa su, wai kariyar za ta fi ƙarfi. Wanne ne mafi inganci a cikin na kyauta, kuma shawarar abokin nawa daidai ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake nema yana cikin kwamfutarka tun ranar da ka saye ta. Kowace Windows 10 da 11 tana zuwa da nata antibairos, Microsoft Defender, kyauta kuma ba shi da wa'adi. Shi wancan da yake damunka da saƙon biya na gwaji ne, kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya ɗora shi. Duk lokacin da aka saka wani antibairos, Defender yakan ja da baya ya bar masa fili, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Ka shiga Settings, ka je Apps, ka cire na gwajin gaba ɗaya, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Daga nan ka buɗe Windows Security. In ka ga koriyar alama a kan kowane sashe, to Defender ya koma bakin aiki.

Na san za a ce maka Defender ba shi da ƙarfi. A da maganar tana da tushe, don a shekarun farko na Windows 8 yakan zo a baya a gwaje-gwaje. Yanzu labarin ya canza. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da sana'arsu ke nan, su tara sabbin bairos su jefa wa kowace manhaja su ga wadda za ta tare, irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. Shekaru ke nan Defender yana fitowa a sahun gaba tare da waɗanda ake saye da kuɗi. Sakamakon a buɗe yake a shafukansu, kuma na fi so ka duba can da ka bi jerin "goma mafiya kyau" da ke yawo a intanet, domin da yawa daga masu irin wannan jerin ana ba su la'ada ne kan duk wanda ya sauke ta hanyarsu.

Shawarar abokinka kuwa, da kyakkyawar niyya ya ba ka, amma kada ka bi ta. Antibairos yana zama ne a can cikin tsarin kwamfuta, duk fayil ɗin da aka buɗe sai ya tare shi ya bincika. In sun zama biyu, kowanne zai riƙa kallon ɗayan a matsayin baƙon da ke leƙen fayiloli, su yi ta jan abu ɗaya. An taɓa kawo min wata kwamfuta da aka jibga wa guda uku. Kafin ta gama kunnuwa mutum ya gaji da zama, fankarta na ta gurnani, ƙasanta ya yi zafi kamar dutsen guga. Mai ita ya riga ya yanke shawarar bairos ne ya cinye ta. Muka cire biyu, ta dawo garau. Sannan ka sani, Avast ya sayi AVG tun 2016, injin bincikensu ɗaya ne, ka ga haɗa su ba ya ƙara komai. Su biyun, da Avira da Norton, yanzu duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya, Gen Digital.

Wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne kalmar "kyauta". Kamfanin da yake biyan ɗaruruwan ma'aikata albashi dole yana da inda yake mayar da kuɗinsa. Wani ta hanyar tallan da zai riƙa cika maka fuskar kwamfuta da shi, yana tsorata ka da jan rubutu har ka sayi na kuɗi. Wani kuma ta bayananka. A farkon 2020 aka bankaɗo cewa Avast yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi suke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. Wannan bai rage ƙwarewar manhajar wajen kama bairos ba, amma kwamfutar da iyali ke amfani da ita akwai sirri a ciki, kuma antibairos yana ganin komai. Kaspersky ma yana da kyau a gwaji, sai dai Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilin tsaro, saboda kamfanin na Rasha ne.

In har ranka bai kwanta da Defender ba, na kyautar Bitdefender ba shi da yawan surutu kuma ba ya nauyi. Ka sauke shi daga shafin kamfanin kawai, kuma lokacin sakawa ka karanta kowane akwati kafin ka danna, don a nan ake cusa ƙarin manhajojin da ba ka nema ba. Malwarebytes na kyauta shi ne wanda za ka iya ajiyewa tare da wani, saboda bayan kwanakin gwajinsa ba ya gadi, sai ka kira shi yake bincike. Sau ɗaya a wata ya isa.

Amma gaskiya, yawancin kwamfutocin da nake gani sun kamu, da hannun mai su aka buɗe wa bairos ƙofa. Mutum zai sauke fasasshiyar manhaja ko wasa, wato na kuɗi da aka fasa makullinsa don a yi amfani da shi ba biya, umarnin da ke ciki ya ce a kashe antibairos kafin a saka, shi kuma ya kashe. Ko yana cikin burauza shafi ya fito da ƙara da jan allo wai an gano bairos biyar, a danna nan a wanke. Babu shafin intanet da zai iya bincika kwamfutarka haka, wannan saƙon shi ne tarkon. Ka nuna wa yaran irinsa, ka ce musu su rufe shafin su kira ka. Kuma ka buɗe musu nasu asusun a kwamfutar wanda ba shi da ikon mai gudanarwa, yadda ba za su iya saka komai ba sai ka sa kalmar sirrinka.

Kada ka riƙa ɗage sabunta Windows. WannaCry, bairos ɗin da ya kulle fayilolin mutane yana neman kuɗin fansa a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, ya bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Yawancin waɗanda abin ya ci ba su sabunta ba ne.

Irin wannan bairos mai garkuwa da fayiloli shi ne na fi ji maka tsoro, don in ya riga ya kulle hotunan iyali da takardun makarantar yara, cire shi ba ya buɗe su. Ka samu filash ko hadis (hard disk) na waje ka riƙa kwafe muhimman abubuwa a kai, kuma da ka gama ka zare shi daga jikin kwamfutar, domin in yana jone lokacin da bairos ɗin ya shigo, har shi zai kulle.