Amai Bayan Cin Abincin Kantin Makaranta

Tambaya: 'Yata ta dawo tana amai bayan cin sanwicin kantin makarantarsu a Jidda, amma sai washegari suka sanar da mu. Haka ya dace?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Sam bai dace ba. Iyayen wadda abin ya shafa, waya ake buga musu nan take. Sauran iyaye a tura musu saƙo ranar: wane abinci ne, ƙarfe nawa aka ci, ban da sunan yarinya. Lokacin yana da muhimmanci, domin wata gubar takan tashi cikin awa 1 zuwa 6, ta ƙwayar cutar salmonela kuwa har kwana 6. Makaranta ta ajiye ragowar a firji don gwaji. Idan aman ya ƙi tsayawa ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, in ta galabaita ki kira 997, layin motar asibiti.