Hayaƙin asibitin bayan gidana: kotu za ta rufe shi?

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a gefen Sharaɗa tun kafin a gina asibitin kuɗin da ke bayan gidana. Bara suka gina wani murhun bulo mai bututu, suna ƙona sirinji da robar ƙarin ruwa da auduga mai jini, galibi bayan isha'i. Hayaƙin baƙi ne wuluk, yana shigowa har ɗaki, 'yata mai asma tari ya hana ta barci. Sau biyu muna yi wa manajan magana, ya ce suna da takarda. Wani ya ce min tsarin mulki ya ba mu 'yancin shaƙar iska mai tsafta, kuma akwai dokar ɗaurin rai da rai ga mai ƙona sharar guba. Ɗan majalisarmu ya yi alkawarin kai ƙudurin hana irin wannan ƙone-ƙone a cikin gari. Matasan layi kuwa cewa suke a rushe murhun kawai. Ni dai so nake in kai ƙara a rufe asibitin. Me ka gani?

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yarinyar lafiya. Zan amsa maka ne gwargwadon abin da ka rubuto, lauyan da zai riƙe maganar kuma sai ya ga wurin da takardun da idonsa kafin ya tsayar maka da shawara.

Ka fara tare matasan nan. Ranar da aka taɓa bulo ɗaya na murhun, maganar ta tashi daga hayaƙi ta koma shiga haƙƙin wani da ɓarnar dukiya, ku da kuke masu ƙorafi ku zama waɗanda ake tuhuma. Haka nan kiran sunan asibitin a Facebook a ce suna kashe mutane: ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Kano, kuma ba za ka so ka ba su wannan makamin ba.

Kuskuren da ke ƙarƙashin tambayarka shi ne zaton cewa ƙona sharar asibiti haramun ne a doka. Ba haka ba ne. Ƙonawa tana cikin hanyoyin da aka yarda da su, saboda allurar da aka zubar a bola yaran jari-bola ne za su tsince ta da hannu. Abin da doka take tambaya shi ne wa ya ba da izini, a ina aka kafa murhun, da wane irin zafi yake ci, me yake fitowa daga bututun, ina kuma ake kai tokar. A nan ƙarfinku yake, in har kuna da shi.

Batun tsarin mulki, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, amma rabi ya faɗa. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta kare muhalli, da ruwa da iska da ƙasa. Sai dai yana cikin Babi na Biyu, sashe na 6(6)(c) kuma ya hana kotu sauraron ƙarar da aka gina a kan wannan babin shi kaɗai. Lauyoyi sukan zagaya ta hanyar haɗa shi da 'yancin rayuwa na sashe na 33, da kuma sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida. An taɓa dacewa da hakan: a 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a shari'ar Gbemre da kamfanin Shell, ta ce ƙona iskar gas ya saɓa wa 'yancin rayuwa, a 2018 kuma Kotun Ƙoli ta buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar kai ƙarar muhalli a shari'ar Centre for Oil Pollution Watch da NNPC. Ƙofa ce, ban musa ba. Amma waɗancan shari'o'in man fetur ne da suka shafi garuruwa, kuma ba na so ka ɗauka alƙali zai ɗauko su ya ɗora a kan ƙaramin murhun asibiti ba tare da gardama mai tsawo ba.

Dokar ɗaurin rai da rai ita ma tana nan. An yi ta a 1988 bayan an gano gangunan sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Ta yi magana ne a kan ɗauka da jibgewa da shigowa da sayar da sharar da za ta iya kisa ko ta yi lahanin da ba ya warkewa, ba da izini ba. Ko abin da ke faruwa a bayan gidanka ya shiga wannan ma'anar, abu ne da za a ja sosai, ni kuma ina shakka. Ƙari a kan haka, shari'ar laifi ce, hukuma ce take gurfanarwa a Babbar Kotun Tarayya, ba kai ba.

Dokokin da suka fi kusa da matsalarka ba su kai waɗancan suna ba. Majalisar Tarayya ta kafa NESREA, hukumar da ke tilasta bin dokokin muhalli, da dokar 2007, aka yi mata gyara a 2018, sashe na 27 kuma ya hana sakin abu mai guba cikin iska ko ƙasa ko ruwa a adadin da zai cutar, sai da izinin doka. Majalisa ba ta zauna ta rubuta yadda murhu zai kasance ba. Ta bar wa ministan muhalli ikon fitar da ƙa'idoji, ana buga su a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, su ne kuma suke da haƙora: ta tsafta da kula da shara ta 2009, ta hana ƙone-ƙone a fili ta 2011, da ta ingancin iska ta 2014 wadda aka sabunta a 2021. Sannan dokar EIA ta 1992, wadda ta wajabta binciken tasirin aiki ga muhalli kafin a fara shi, ta ambaci gina wurin ƙona shara mai guba ƙarara cikin ayyukan da dole a yi musu binciken. Ko ƙaramin murhun asibiti ya kai matsayin da dokar take nufi, za a iya yin jayayya. Duk da haka tambaya ce da manajan ya kamata ya amsa a rubuce.

Wannan "muna da takarda" da yake cewa bai gamsar da ni ba. Takardar me? Rajistar da hukumar PHIMA take yi wa asibitoci masu zaman kansu daban, izinin gini na hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, daban, amincewar muhalli daban. Wanda yake da su ba ya jin nauyin nuna kwafi, musamman ga maƙwabcin da 'yarsa take kwana tana tari. Ko da ya nuna, izini bai ba kowa damar cutar da maƙwabci ba.

Baƙin hayaƙin da ka ambata ya ja hankalina fiye da komai a wasiƙar. Ingantaccen injin ƙona sharar asibiti yana ci ne da zafin digiri 850 zuwa 1,100, yana da ɗaki na biyu da ke sake cinye hayaƙin kafin ya fita. Murhun bulo da ake hurawa da itace ko kalanzir ba kasafai yake kaiwa nan ba, robar ƙarin ruwa da bututunta kuma sau da yawa PVC ne, wanda in ya ƙone da ƙaramin zafi yake fitar da dayoksin, gubar da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa ƙasashe su rage, Najeriya na cikin waɗanda suka amince da ita. Baƙin hayaƙi alama ce ta ƙonewar da ba ta kammala ba. Alama ce dai, ba hujjar kotu ba, sai masani ya auna ya sa hannu.

Alkawarin ɗan majalisa kada ka jingina da shi. Ƙuduri sai ya bi karatu uku, da kwamiti, da jin ra'ayin jama'a, da sa hannun gwamna, kuma ko ya zama doka, sashe na 36(8) ya hana hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya aikata. In da gaske yake son taimaka muku, ya gabatar da kokenku a zauren majalisa a miƙa wa kwamitin muhalli ya gayyaci asibitin da Ma'aikatar Muhalli. Kwamiti ba ya ba da diyya, amma gayyatarsa takan motsa fayil ɗin da ya kwanta.

In aka je kotu, ƙarar da na fi gani ita ce ta cutar da maƙwabci a Babbar Kotun Jiha, a nemi umarnin hana ƙonawar da diyya. Lura, hana ƙonawa na ce, ba rufe asibiti ba. Da wuya alƙali ya rufe wurin da ake karɓar haihuwa alhali gyaran murhu zai wadatar. Riga su zuwa unguwar da ka yi yana ƙara wa labarinka nauyi, amma ba shi ne ma'auni ba. Sai ka nuna cutar ta wuce abin da maƙwabci zai jure, in kuma diyyar rashin lafiya kake nema, lauyansu zai ce yarinyar dama tana da asma, ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin janareto, ga masana'antun Sharaɗa. Umarnin dakatarwa na wucin gadi kuwa yakan zo da sharaɗin ka ɗauki alkawarin biyan asararsu in ƙarar ta faɗi, kuma shekarar da aka yi ana kallo za ta iya zama abin da za su kafa hujja da shi.

Don haka tun yau ka fara rubuta rana da lokacin kowace ƙonawa, ka ɗauki bidiyo daga cikin gidanka, ka adana katin asibitin yarinyar da rasit, ka roƙi likitanta ya rubuta abin da ya gani. Koke a rubuce, da sa hannun magidanta, zuwa ofishin NESREA na Kano da Ma'aikatar Muhalli ta jiha da PHIMA da duba-garin ƙaramar hukuma, kowanne a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar tambayar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ko an yi wa wurin EIA, wa'adin amsa kwana 7 ne. In ta kai ga haɗa NESREA a ƙara, sai an ba ta sanarwar wata ɗaya tukuna.

Shawarata dai a zauna. Lauya ya rubuta wa mai asibitin, shi kansa ba manaja ba, a nemi zama a gaban mai unguwa ko dagaci, in an fi son abin da zai ɗaure kowa a je sashen sulhu na Multi-Door na Babbar Kotun Kano, inda yarjejeniyar da alƙali ya amince da ita take zama kamar hukunci. Ƙa'idar "ba cuta, ba cutarwa" kowa a Kano ya san ta, malaman Malikiyya kuma tun da daɗewa sun yi maganar hayaƙin tanderu da ke damun maƙwabta, saboda haka ba baƙon abu za ku kawo ba. Ku nemi a daina ƙona roba nan take, a raba shara tun daga ɗakin jinya don abin da za a ƙona ya ragu, a riƙa kai mai haɗarin wurin da ke da ingantaccen inji, a sa ranar da za a kashe murhun gaba ɗaya, a kuma rubuta abin da zai biyo baya in aka saɓa. Kuɗin maganin yarinyar za ka iya sa shi a teburin, amma kada ka sa hannu a kan kowace takarda da ta ce ka yafe duk wani haƙƙi na gaba sai lauyanka ya karanta ta. Kafin zaman, a mayar da yarinyar ɗakin da ya fi nisa da katangar asibitin, a kuma kai ta likita ya duba ƙirjinta a wannan makon.