Yawan dalma ba ya ƙara wa haɗi ƙarfi

Yarona, ka ce in ka haɗa ƙananan kayan tagulla, ko dai haɗin ya ɓalle da an ɗan murɗa shi, ko ka jibga dalma ta yi tudu ta ɓata aikin. Ciwon ɗaya ne: aikin magagari kake ɗora wa dalma.

Dalma lallausa ce, in ta yi kauri ita ke fara tsagewa. Ƙarfinta yana fitowa ne idan ta shige tsakanin ƙarfe biyu da suka zauna daram, ratarsu ba ta wuce milimita 0.1 ba, kamar kaurin takarda. Kafin ka kunna wuta, haɗa su ka ɗaga a haske. Muddin haske na leƙowa ta tsakani, koma kan magagari. In da hali kuma, kada ka haɗa baki da baki. Ɗora ɗaya kan ɗaya, hawan ya kai ninki 3 na kaurin wanda ya fi siranta, ko ka huda ƙaramin rami ka zura kan sandar a ciki.

Sai tsabta. Goge wurin da samfefa har ya yi ƙyalli, ka share da sifirit, kada yatsa ya sake taɓa shi, don maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana dalma kamawa. Shafa fulaks, wato maganin da ke sa dalma ta kama ƙarfe, iya inda kake so dalmar ta bi. Inda ba ka so ta je, zana masa fensir, ba ta hawa kan baƙinsa.

A wajen wuta ne yawancinku kuke ɓata aiki. Kuna kai harshen wutar kan dalmar, ta dunƙule ta yi ƙwallo ta zauna a sama. Yanko ɗan guntu kamar ƙwayar gero, ajiye shi a bakin haɗin ta ɓangaren da ido ba ya gani. Gasa tagullar, ka fi ba babban yankin wuta don shi ke shanye zafi. Zuba ido: fulaks zai tafasa ya lafa, guntun ya yi sheƙi, sai ka ga siririn layi fari ya zagaye haɗin cikin ƙiftawar ido. Janye wutar nan take. Dalma zafi take bi, saboda haka in kana so ta ratsa zuwa baya, ta bayan za ka gasa.

Dalmar haɗi mai kuza kashi 63 da darma (wato ƙarfen gubar nan, lead) kashi 37 cikin ɗari tana narkewa a digiri 183 na Salshiyas, ta isa ga abin da ba ya ɗaukar nauyi. Abin da za a riƙa ja ko murɗawa, sai dalmar azurfa, wadda ke narkewa sama da digiri 600, da fulaks nata na daban. Nan sai hattara, domin tagulla kanta tana narkewa wajen digiri 900. In ka ga farin hayaƙi na tashi, wutar ta yi yawa, tutiyar cikinta ce ke ƙonewa. Buɗe taga, kada ka shaƙa. Mai darma kuwa ba a sa ta a abin da zai taɓa fata ko abinci.

In haɗin biyu ne kusa da juna, fara da mai buƙatar wuta sosai, ka naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka yi na biyu. Bari aikin ya huce da kansa, kada ka motsa shi. Sannan ka wanke fulaks ɗin da ruwan ɗumi da buroshi, in ba haka ba zai ci ƙarfen ya bar kore. Ragowar dalma kankare ta da kan wuƙa, ka bi da lallausar samfefa.