Amsa: Maɓallin sabarmu ya koma ruwan goro

Malam, ka ce maɓallin kunna sabar HPE ProLiant ta ofishinku da ke Samaru, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ya koma ruwan goro, kana fargabar ta lalace. Kwantar da hankalinka. A wannan injin, ruwan goro a maɓallin na nufin wuta tana shiga amma sabar a kashe take. Idan kore ne tsayayye, tana aiki. Wadda za ka sa wa ido ita ce fitilar lafiyar injin. In tana ƙyaftawa da ruwan goro, wani sashe ya fara gazawa, sau da yawa fanka ko na'urar ba da wuta. In ja ce, abin ya yi tsanani, sai ka shiga iLO, wato tsarin sa ido da ke cikin sabar, ka karanta abin da ya rubuta. Shuɗiyar fitilar kuwa, in tsayayya ce, don a gane injin cikin sauran ne.

Wajen kashewa, don Allah kar ka zare waya. Ka kashe ta daga cikin manhaja, ka jira maɓallin ya koma ruwan goro tukuna. Danne maɓallin ka riƙe yana kashe ta da ƙarfi, bayanan da ba su gama sauka a faifai ba suna iya lalacewa.

Idan an ɗauke wuta, ka bari janareta ya daidaita, ka kunna UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, sannan sabar. Fankoki za su yi ƙara sosai da farko, ba matsala ba ce. Da hunturu kuma ka riƙa share ƙurar Zariya daga gabanta.