Amsa: Shin Sulhun 1919 Ne Ya Haifi Yaƙin Duniya Na Biyu?

Malam, ka tambaya ko sulhun da aka tsananta wa wanda aka ci da yaƙi yana iya haifar da wani yaƙin. Ƙwarai kuwa. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗora wa Jamus alhakin ɓarnar Yaƙin Duniya Na Ɗaya, ta rage sojojinta zuwa 100,000, ta ƙwace mata yankin Alsace-Lorraine da ƙasashen da take mulka, har da Kamaru maƙwabciyarmu. A 1921 aka yanka mata diyyar mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinariya. Da biya ya gagara, Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr na Jamus a 1923.

Amma akwai sharaɗi: haushi kaɗai ba ya tayar da yaƙi, sai ya gamu da yunwa da mai zuga. A zaɓen 1928 jam'iyyar Hitler ko kashi 3 cikin 100 ba ta samu ba. Da tattalin arziki ya durƙushe daga 1929, ta haura kashi 37 a Yulin 1932. Haka ma a wani ƙauye nan Gombe na ga an ci makiyayi tarar da ta cinye rabin garkensa, kuma a bainar jama'a. Ya biya, bai ce uffan ba. Da rani ya yi tsanani, 'ya'yansa ne suka dawo da rigimar, kuma har yau abin yana ci mini rai.