Kokawar talabijin da siyasar Amurka

Malam, ka tambaya me ya haɗa kokawar talabijin da siyasar Amurka. Ni tun ina yaro nake kallonta a gidan kallo, mu cunkushe kan benci, janareta na ƙara, muna jiran Hulk Hogan ya yage rigarsa. A Yulin 2024 sai ga shi a taron jam'iyyar Republican a Milwaukee, ya sake yage riga saboda Trump. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin yarintarmu aka ɗauko ana neman ƙuri'a da ita.

Alaƙar ta daɗe. A 2007 Trump ya aske kan Vince McMahon, mai kamfanin kokawa na WWE a lokacin, a babban bikin kokawa na WrestleMania 23, a 2025 kuma ya naɗa Linda McMahon, tsohuwar shugabar WWE, ministar ilimi.